Tafin Takalmin Malama

Alhamis, da hantsi, a shago

Malama ta ce tunda na kasa zama wuri ɗaya, in nemi abin yi ko da rubutu ne. Ita ta ba ni wannan littafin, irin na 'yan ajinta. In ta ga abin da na rubuta za ta cika shi da jan biro. Tun da muka yi aure take gyara mini rubutu, ni ina gyara mata takalmi, har yau ba wanda ya gama da wani.

Tun abin ranar Talata ba ta koma makaranta ba, hedimasta ya ce ta huta. Ita kuwa cewa take ba abin da ya same ta, alli ne ya suɓuce mata, wa alli bai taɓa suɓuce wa ba? Amma yaran aji ɗaya ba sa rugawa ofis da kuka don alli ya faɗi. Sun ce ta tsaya a gaban allo tana kallon su, baki na motsi, magana ba ta fita. Kafin in isa ta dawo daidai, har tana yi wa masinja faɗa don ya tayar mini da hankali.

Baƙin takalmin da ta sa ranar yana gabana a kan benci, sai juya shi nake yi. Malama mace ce mai cin dunduniya. Tun ranar da ta fara kawo mini gyara, kafin ma in san sunanta, gefen dunduniyar dama take fara cinyewa. Tafiyarta ƙwas-ƙwas-ƙwas, tun daga kwanar layi ake jin ta, har maƙwabcina Mai Agogo ya leƙo ya ce, "Shumeka, gyara zama, ga hukuma nan." To wannan takalmin dunduniyarsa sabuwa fil, bakinsa ne ya suɗe. Yaya aka yi ƙafa ɗaya ta canza wurin ci?

Alhamis, da yamma

Robar bana ba ta da kyau, na faɗa na ƙara. Tun bara nake canza mata tafi, na rage kauri, na ɗaga baki, na goge da samfefa, duk a banza. Gobe mai sayar mini da roba zai gamu da ni.

Asabar, da rana

Auta ta zo daga wurin aikinta da abin awon jini a jaka. Ta naɗa wa uwarta a hannu, ya yi ƙugi, ya saki. Ta kalli lambar, ta kalle ni, ta sake naɗawa. Na sha jinin jikina.

Sai ta tashi ta buɗe durowar madubi, ta fito da ƙwayoyin hawan jini, kwali-kwali, wasu ko ɓarewa ba a yi ba.

"Mama, mene ne wannan?"

"Magani ne, ko ba ki iya karatu ba?"

"Na ga magani ne. Me yake yi a durowa?"

"Ina sha in kaina ya yi ciwo. Yanzu kaina lafiyarsa lau. Haka kawai in yi ta haɗiyar ƙwaya kamar kaza?"

Auta ta ce hawan jini ba sai an ji ciwo ba, shiru yake aikinsa. Malama ta ce to shi ma ya ci gaba da shirunsa, ita ma ta yi nata. Wallahi dariya ta kusa ƙwace mini, amma da na ga idon Auta sai na haɗiye ta.

Litinin, da safe

Gobe hoton kai. Ta ce za ta je ne don Auta ta ƙyale ta ta sha iska.

Talata, bayan mun dawo

Injin hoton kamar babban bututu yake, a tura mutum ciki a kwance. Ƙararsa ta fi ta injin ɗinkina. Na tambayi mai kula da shi yadda yake ganin cikin kai ba a fasa ba, ya fara yi mini bayanin maganaɗisu, Auta ta ja mini riga.

Likitar mace ce, ƙarama, takalminta mara tudu, ya ci ta ciki, alamar mai yawan tsayuwa. Ta faɗa wa Malama wasu kalmomi ta ce ta riƙe, za ta tambaye ta an jima. Da ta tambaya, Malama ta zayyano su tas, har da gyara mata furucin guda ɗaya. Na ji daɗi har na gyara hula. Daga nan ta ba ta takarda mai lambobi da haruffa a warwatse, ta ce ta haɗa su da layi: ɗaya, harafin farko, biyu, harafi na biyu, haka dai. Matar da ta ƙare rayuwarta tana koya wa yara wannan abin! Ta fara da kyau, ta zo tsakiya ta tsaya. Ta koma baya. Ta sake tsayawa. Ta ce biron ba ya rubutu.

Sannan likita ta ce ta yi tafiya a baranda, ta je ta dawo. Ta tafi, taku gajere-gajere, ƙafa ba ta barin ƙasa sosai, wajen juyowa kuma sai da ta yi shi guntu-guntu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Likita, takalmin ne. Ni na yi shi, robar ce ba ta da kyau."

Likita ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Yana yiwuwa, Baba. Mama, cire shi mu gani."

Ta cire. Ta tafi ba takalmi.

Na riƙe takalmin a hannu duk tsawon barandar nan, ban san inda zan ajiye shi ba.

Laraba, da safe

Ban je wurin mai roba ba.

Juma'a, da yamma

Sakamako ya fito. Malama ta ce mu je mu jiyo mata, ita ta gaji da warin asibiti. Likita ba ta so haka ba. Ta ce, "Mai kan ita ya kamata ta ji. Zan nuna muku tunda ta aiko ku, amma ku kawo mini ita."

Ban taɓa ganin cikin kan mutum ba, sai na matata. Toka-toka ne, da wasu fararen wurare a tsakiya kamar inda folish bai kama ba, da wani ɗan ɗigo baƙi a gefe. Na ce mene ne fararen?

Ta ce jini yana shiga ƙwaƙwalwa ta manyan jijiyoyi, su rarrabu, su ƙara rarrabuwa, har su koma sirara kamar gashi. Hawan jini in ya daɗe yana bugun su, bangonsu ya yi kauri ya sandare, ƙofar ta tsuke, abin da ke gaba ya riƙa samun jini da kyar. Fararen su ne wuraren da suka sha wahala. Baƙin ɗigon kuwa wata 'yar jijiya ce ta toshe tun tuni, ba wanda ya sani, har ita Malamar. Abin da ya same ta a aji ranar Talata ma toshewa ce, amma ta buɗe da wuri. Ta ce gargaɗi ne.

Na ce, "To me ya haɗa kai da ƙafa?"

Ta yi murmushi, ta juyo da kujera. Ta ce saƙon da ke zuwa ƙafa yana da doguwar tafiya, kuma hanyarsa ta bi ta tsakiyar kai, daidai inda ƙananan jijiyoyin nan suke galabaita. Ta ce tafiya kaɗai ba hujja ba ce, gwiwa ko baya ma suna sa mutum jan ƙafa, amma in aka haɗa da hoton da takardar nan, maganarsu ɗaya. Ikon Allah! Ashe abin da nake nema a kasuwar roba yana can sama.

Na ce, "Amma ai ba ta mantuwa. Har lambar motar da ta kai mu asibiti ranar haihuwar Auta tana tunawa."

Ta ce irin wannan sau da yawa ba da mantuwa yake farawa ba. Da rashin hanzari yake farawa. Tunani ya yi nauyi, haɗa abu biyu a lokaci ɗaya ya yi wuya, abin da ake yi bi da bi ya rikice.

Auta ce ta tambayi abin da ni ba zan tambaya ba. Likita ta faɗi sunansa. Ba zan rubuta ba, ciwon Inna dai, mahaifiyar Malama. Ta ce Malama ba ta kai can ba, kuma ba dole ne ta kai ba. Mutane da yawa suna da irin waɗannan fararen, su tsufa da hankalinsu garau. Amma in suna ƙaruwa haɗarin yana ƙaruwa, ba za ta ɓoye mana ba. Abin da ya lalace ba ya dawowa, wanda ya rage shi ake karewa: a sauko da hawan jini a riƙe shi a ƙasa, a duba suga da kitsen jini, a rage gishiri, a yi tafiya kullum.

A hanya Auta ta ce, "Baba, hawan jini kawai za mu ce mata. Ka san Mama. In ta ji sunan ciwon Inna, zuciyarta ce za ta buga."

Na ce to.

Juma'a, bayan an ci abinci

"Me suka ce?"

"Hawan jini."

"Ka gani ko? Kun ɓata kuɗin mota a banza." Ta ƙara gishiri a kwanonta.

Lahadi, da hantsi

Yau Inna nake ta tunawa, mahaifiyar Malama, Allah ya jiƙanta. Nata ba a hankali ya zo ba. Sai ta yi watanni lafiya, rana ɗaya ta sauka mataki guda ta zauna nan, sai kuma wani. Kowa ya ce tsufa ne. Ban tuna ranar da wani ya auna mata jini ba, mu dai muna ta kawo mata man zafi don ƙafa.

Ranar da ta ɓata, a bakin tasha muka same ta, takalmi ƙafa ɗaya, mutane sun kewaye ta suna tambayar ina ne gidansu, ta kasa faɗa. Da muka dawo Malama tana wanke mata ƙafa a roba, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Baban Auta, in ka ga alamar wannan a jikina, kai za ka fara gaya mini. Kada a riƙa magana a kaina ina zaune kamar tukunya." Na ce Allah ya sawwaƙe. Ta ce, "Ban ce ka yi addu'a ba, alkawari na ce ka yi."

Na yi kuwa.

Litinin, da rana

Ba ciniki. Na tsige gashi ɗaya daga gemuna, na ari gilashin da Mai Agogo yake maƙalawa a ido. Na ɗora gashin kusa da zaren ɗinki, sai zaren ya koma kamar igiyar rijiya. To a cikin abu kamar wannan gashin akwai rami, jini yana bi, dare da rana, shekara da shekaru? Ni abin da ke ba ni mamaki ba lalacewar ba ce, yadda ya yi aiki tun farko.

Mai Agogo ya ce, "Shumeka, kwarkwata kake nema?"

Na ce, "Yaushe rabonka da awon jini?"

Ya ce shi jininsa ba ya hawa, ba shi da kuɗin bene. Na kalli ƙafarsa da ya juya. Yanzu kowa ya wuce ƙafarsa nake kallo, har wata mata ta harare ni.

Laraba, da safe

Na duba durowa. Kwalayen suna nan yadda Auta ta bar su.

Laraba, da yamma

Na kira Auta. Na ce uwarki ba ta shan magani, kuma ta ce ba za ta koma wurin likita ba tunda ba wani sabon abu. Ta ce in murƙushe mata a shayi. Na ce ni in yi wa Malama haka? Matar da ke gane in an canza mata ganyen shayi? Ta fashe da kuka, ta ce, "Baba, ni ina ƙarama na ga Inna tana kiran Mama da sunan wata. Ba na so Mama ta zauna tana jiran ranar." Na ce ni ma ba na so.

In na faɗa, tsoro ya ci ta. In ban faɗa ba, jijiyoyin nan su ci gaba da tsukewa tana barbaɗa gishiri. Kaina ya ɗau zafi.

Alhamis, da hantsi

Malama ta zo shago da kanta. Ban ji zuwanta ba sai da inuwarta ta rufe mini aiki. Mai Agogo ma bai ji ba, ya leƙo a makare.

Ta dire baƙin takalmin. "Litinin zan koma aji. Ka canza tafin, ka ƙara ɗaga bakin, tuntuɓe yake sa ni. Kai ma dai hannunka ya fara tsufa, Maigida."

Na ce to.

Na yanka roba, na goge, na shafa gam a fuska biyu. Gam ɗinmu ba a manna shi da ɗanye, sai an bar shi ya sha iska ya yi danƙo. Na zauna ina jira.

Alhamis, da yamma

Gam ya bushe ƙarƙaf. Ban manna ba.

Juma'a, bayan la'asar

Akwai wani tsohon takalminta da nake ajiyewa a shago ina fitar da awo da shi. Na kawo shi gida tare da baƙin. Tana zaune a falo tana jera katunan haruffa na 'yan aji. Na kife su biyun a kan tebur, tafi a sama.

"Ba ka gyara ba?"

"Malama, duba wannan. Ina ya ci?"

"Dunduniya."

"Wannan fa?"

Ta ɗauka ta matso da shi kusa da taga. Ta shafa bakin da babban yatsa, ta shafa dunduniyar. Ta daɗe.

Na ce, "Ba robar ba ce. Ba hannuna ba ne. Ba takalmin ba ne."

Daga nan na faɗa mata duka, fararen, baƙin ɗigon, jijiyoyi masu kama da gashi, hanyar da saƙo ke bi zuwa ƙafa. Na faɗi sunan ma. Gigin tsufa. Na ce likita ta ce ba ki kai ba, kuma ba dole ki kai ba.

Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun waccan Juma'ar."

"Kuka zauna kai da 'yarka kuka yanke mini abin da zan iya ji."

Ta tattara katunanta ɗaya bayan ɗaya, ta shiga ɗaki. Ba ta buga ƙofa ba. Da ma ta buga.

Asabar, da safe

Ba ta yi mini magana ba.

Lahadi, da safe

Har yanzu. Amma ta fito da kwalin magani, ta tsaya daidai gabana ta ɓare, ta haɗiye tana kallon cikin idona kamar ni ne ƙwayar.

Talata, bayan mun dawo

Ita ta shiga gaba wurin likita, mu muna binta a baya kamar 'yan rakiya. Ta ce a juyo mata da hoton. Ta sa tabarau, ta nuna fararen da yatsa tana tambaya, wannan na mene ne, wancan ya kai shekara nawa. Likita ta amsa abin da ta sani, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba.

"Zan zama kamar mahaifiyata?"

"Ban sani ba, Mama. Haɗarinki ya fi na wanda kansa ba shi da wannan. Amma ke kin sani da wuri, ita ba wanda ya auna ta. Ki ba ni jininki in sauko da shi, mu ga abin da za mu tsirar."

"Aji fa?"

"Ki koma. Aikin kai yana taimaka wa kai. In ya yi nauyi ki faɗa, kuma in magana ta sake ɗaukewa ko hannu ya mutu, ko na minti ɗaya ne, a kawo ki nan take."

Da za mu fito Malama ta nuna ni da haɓa ta ce, "A auna wannan ma." Aka naɗa mini. Nawa ma ya ɗan hau. Ta yi dariyar farko tun Juma'a, har da tafa hannu. Auta ta riƙe mata jaka, ta bar ta ta riƙe.

Alhamis, da rana

Ta ce in yi mata sabon takalmi na tafiya, mara tudu, mai igiya. Ta ce kada in ƙara canza tafi a ɓoye, duk wata in kife shi in karanta mata abin da ya ce, ba ƙari ba ragi. Na ce na ji.

Ina cikin ɗinka shafin ciki ta zo ta zauna a bencin baƙi. Ta ɗauki akwatin haruffan ƙarfe da nake buga wa 'yan makaranta suna a takalmi, ta tura mini.

"Ka buga lambar wayarka a ciki. Da sunan layinmu. Ƙafa biyu, don Inna ɗaya ta yar."

Na ce, "Haba Malama! Likita ta ce ba dole ba ne."

"Na ji ta, kunnena ƙalau. In ba a buƙata ba, daga ni sai kai muka san yana nan. In an buƙata, ba na so in tsaya a bakin tasha ana tambayata."

Na ce zan rufe shi da shafi. Ta ce, "In ka rufe wa zai gani? Kai dai wani lokacin sai a hankali."

Na jera ƙarafan. Na buga wa ɗaruruwan yara suna a rayuwata, ko harafi ɗaya bai taɓa karkace mini ba sai yau. Lamba ɗaya ta karkace. Ta karɓa ta duba, ta ce ana iya karantawa, ta ba ni maki bakwai cikin goma. Na juya baya ina neman guduma, alhali tana hannuna.

Litinin, da yamma

Ta koma aji yau, a ƙafa, ta ce ba ta son rakiya. Ta biyo ta gaban shago. Ba ƙwas-ƙwas ba ne, ba zan yi wa littafi ƙarya ba. Amma tana sane take sauke dunduniya kafin yatsu, kamar yadda aka nuna mata a asibiti, ina jin ta tana taɓa ƙasa. Mai Agogo ya leƙo ya ce, "Shumeka, gyara zama, ga hukuma nan." Ta ce masa, "Kai ma ka je a auna ka."

Na bi ta da kunne har ta sha kwana. Sannan na ɗora wayata a kan benci kusa da guduma, na ƙure mata ƙara. Har aka tashi daga makaranta ba wanda ya kira.